Wanke: Gidan da Aka Gina wa Kunkuru Wurin Wanka

Mai karatu, idan akwai kunkuru a gidanku, ko kuwa ka taso ka tarar ana kiwonsa a gidan kakanni, ga wata tambaya kafin mu kama hanya: a ina yake shan ruwa? Na yi wa mutane da dama wannan tambaya, amsar da na fi samu ita ce, "Au, dama kunkuru yana shan ruwa?" Ni ma shekara da shekaru ban taɓa kawo abin a raina ba, sai da zumunci ya kai ni Wanke, gidan kawuna, a tsakiyar bazara.

Ni a Gusau nake zaune, amma kai da za ka taso daga wajen Zariya, Funtuwa za ka bi, ka wuce 'Yankara, ka shigo Zamfara ta ƙasar Tsafe. Tun daga nan duwatsu za su fara yi maka rakiya. A wannan yanki 'Yandoto take, tsohon garin malamai wanda tarihinsa ke haɗe da na Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu da ya kafa Gusau. Gaba kaɗan za ka hango dutsen Kwatarkwashi a ƙaramar hukumar Bunguɗu, wanda ya yi suna da bikin kamun maiki a zamanin da. Daga nan sai Gusau, wadda ta zama babban birni a 1996 lokacin da aka cire Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Wanke kuwa tana kudu da Gusau, a kan hanyar da ke zuwa Magami da Ɗansadau. Gari ne na manoma: dawa, gero, masara, gyaɗa da waken suya.

Ba zan ɓoye maka ba, hanyar nan ba irin wadda mutum zai tashi kawai ya kama ba ce. Shekaru ke nan 'yan bindiga sun addabi ƙauyukan wannan yanki. Mai zuwa yakan tambayi mutanen gari tukuna, ya bi motar da mutane suka cika, ya tafi da hantsi, ya juyo kafin la'asar ta yi sanyi. Haka na yi. A cikin mota ba mai doguwar hira, kowa idonsa na kan daji. Gonaki an share su ana jiran ruwa, ƙasa ta yi fari fat, iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin murhu take fitowa.

Na iske Kawu a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Muka gaisa, ya tambayi mutanen birni ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce in shiga in gai da Inna. Ina ɗaga labulen buhu na shiga tsakar gida sai na yi turus. Ƙarƙashin dogon yaro, can kusa da rumbu, ga Dattijo kwance cikin ruwa, ya miƙe wuya, ya tsoma baki da hanci, maƙogwaronsa na motsi a hankali.

Dattijo shi ne kunkurun gidan. Na san shi tun ina yaro, mun sha hawa bayansa ana kora mu. Kakanmu ne ya karɓo shi a hannun wasu makiyaya da suka gangaro daga arewa, a lokacin bai wuce girman ƙoƙon fura ba. Yanzu sai ƙarti biyu sun haɗu suke ɗaga shi. Amma tun da nake ban taɓa ganin sa cikin ruwa ba, kuma a da su biyu ne.

"Inna, ina ta macen?" na tambaya bayan mun gaisa.

Ta aje muciya ta ce, "Ɗan nan, ashe ba a gaya maka ba? Ai ta mutu, bazara ukku ke nan. Kududduhi ya ci ta."

Ga yadda abin ya faru. A wancan lokaci ba wanda ke aje wa kunkuran ruwa. An gāji magana daga na gaba cewa kunkuru ɗan daji ne, raɓa da ɗanyen ganye sun ishe shi. A shekarar zafi ya yi tsanani. Macen ta yi kwanaki tana zagaye gindin randa tana lasar jiƙaƙƙiyar ƙasa, yara na dariya. Wata rana ta ture dangar kara ta fice. Bayan gidan akwai kududdufin da aka haƙi ƙasar gini, da sauran ruwa a can ƙasansa, bakinsa kuwa a tsaye yake kamar bango. Washegari aka same ta a ciki.

Wataƙila ka ce, yaya ruwa zai ci kunkuru? A nan mutane da yawa ke ruɗewa, suna haɗa kunkuru da kififiya. Kififiya ta ruwa ce: jikinta a shafe yake, tafin ƙafarta da fata tsakanin yatsu, iyo sana'arta ce. Kunkurun tudu kuwa ƙoƙonsa tulluwa ne mai nauyi, ƙafafunsa kamar guntayen turame, an halicce su don tafiya da haƙa rami. Idan ya faɗa ruwan da ya fi ƙarfinsa, ko dai ya nutse, ko ya yi ta wutsil-wutsil a bakin gaɓa har ƙarfinsa ya ƙare. Hausawa sun ce kunkuru na son dambe ba shi da yatsa. To haka yake da ruwa: yana so, bai iya iyo ba.

Irin wannan babban kunkuru da muke ajewa a gidaje asalinsa ɗan yankin Sahel ne, daga Sanigal da Muritaniya, ta Mali da Nijar da arewacin Nijeriya da Cadi, har Sudan da Habasha. A duk duniya iri biyu ne kawai suka fi shi girma, na tsibiran Galafagos da na Aldabara, su kuwa duk a tsibiri suke. A daji yana da dabararsa ta zama da fari. Yakan haƙa rami mai zurfi inda ƙasa ke da sanyi da laima, ya shige ya lafe har zafi ya wuce. Idan damina ta faɗi sai ya fito ya sha ya ƙoshi, ya adana ruwa a mafitsararsa, jikinsa ya riƙa ja a hankali. Shi ya sa idan yaro ya ɗaga ƙaramin kunkuru ya tsorata shi har ya saki fitsari, ba ƙaramar asara ya ja masa ba: guzurinsa ya zubar.

Ka ga ke nan maganar magabata tana da tushe, kunkuru na da juriyar ƙishi. Amma wanda ke daji yana da rami, yana da filin da zai nemi inuwa da ɗanyar ciyawa. Wanda muka tsare a tsakar gida, musamman gidajen birni da aka shafe da siminti, duk mun raba shi da waɗannan. Abin da muka hana shi nema, wajibi ne mu kawo masa. Kunkurun da ya daɗe bai sha ba za ka ga idanunsa sun faɗa, ya rage ci. Farin abin nan mai kama da kunun alli da yake fitarwa tare da fitsari sai ya koma gari-gari mai tsakuwa, in abin ya yi nisa ya dunƙule ya zama dutse a mafitsara, ya yi ajalinsa. Kuma duk wannan a shiru yake faruwa, don kunkuru ba ya kuka. Akuya in ta ji ƙishi duk unguwa sai ta sani.

Da na koma zaure na tambayi Kawu yadda aka yi ya gina wannan wuri. Ya yi murmushi ya ce kafin ya dace sai da ya yi kuskure.

"Da hwarko daro nis samo, nib binne shi ƙasa, nic cika da ruwa. Ni ga ni mai dabara. Kwana biyu sai Innarku ta kwaɗa mani kira. Ashe ya zo sha, ƙahwa ta zame, ya kihe a ciki, kai ƙasa. Da ba ta kusa, da mun yi biyu babu."

Daga ranar ya tone daron. Bai sake yin komai ba sai da ruwan farko ya sauka. Ya ce da aka ɗauke ruwan, ya zauna bakin ɗaki yana kallo, sai ga Dattijo ya fito daga raminsa, ya wuce duk inda ruwa ya taru da yawa, ya nufi wani ɗan kwari a tsakar gida inda ruwan bai kai idon sawu ba. Nan ya shiga ya kwanta, ya sha, ya jima, ya fita ta ɗaya gefen ba tare da ya ko yi tuntuɓe ba.

"Sai nic ce, to, wanga shi na abin da yaka so. Shi da kainai ya gwada mani awo. Ni dai siminti kawai niz zuba."

Na je na duƙa na duba aikin da kyau, har na auna da hannu, don in kawo maka yadda yake. Ka manta da siffar rijiya ko baho. Ka ɗauko siffar faifai, ko babban kaskon suya: tsakiya ta ɗan faɗa, gefe ya bi a hankali har ya haɗu da ƙasa, babu gaɓa ko kaɗan. Faɗinsa ya kai tsawon kunkurun sau biyu, yadda zai shiga duka ya juya. Zurfin kuwa jikin dabbar ne ma'auni. Ka dubi gefensa, inda ƙoƙon baya ya haɗu da na ciki: ruwa kada ya wuce nan. In yana kwance ya ɗaga kai kaɗan, hancinsa ya kasance a waje. Ga babba irin Dattijo, abin bai wuce faɗin tafin hannu ba, wato wajen santimita 8 zuwa 10 a tsakiya. Ga matashi, yatsa biyu ya isa.

In za ka yi naka, ka zaɓi wurin da ke samun ranar safe amma inuwa ke rufe shi da azahar, don ruwa kaɗan a rana tsaka nan da nan yake zafi. Ka fafe ƙasa, ka daddaɓe ta, ka shimfiɗa tsakuwa. Ka kwaɓa siminti kwano ɗaya da yashi kwano uku, ka zuba da kauri kamar yatsa uku, saboda dabbar na da nauyi kuma tana da farata. Kada ka bari birkila ya goge shi sumul kamar daɓen ɗaki, a nan ne haɗarin yake. Tun yana ɗanye ka ja tsintsiya a kansa ya yi kaushi, yadda ƙafa za ta kama. A gefen da ya fi gangara ka sa guntun bututu da abin toshewa. Na Kawu tsumma ne aka naɗe a kan ɓawon masara, kuma bakin bututun yana zuba ne a gindin zogale da gwanda, ruwa bai tafi a banza ba. Bayan an gama, a yi mako guda ana yayyafa masa ruwa don ya kama, sannan a cika a zubar sau da yawa kafin a bar kunkuru ya shiga, domin sabon siminti na da kaifi, yana cin fata da ido.

Wanda kunkurunsa ƙarami ne bai da bukatar siminti. Kaskon ƙasa marar zurfi ko tsohon faranti ya wadatar. A binne shi bakinsa ya yi daidai da ƙasa, a zuba 'yan tsakuwa a ciki don in ya kife ya sami abin dafawa ya juyo. Ƙanana sun fi manya saurin bushewa, su ne ma suka fi bukatar a kula da su.

Ke kuma uwargida, ga ɓangaren da Inna ta ja kunnena a kai, don ita ke fama da wurin kullum. Na farko, kunkuru yana shiga ruwa yakan yi kashi a ciki, ɗabi'arsa ce. Saboda haka kowace safiya takan zare toshiyar, ta wanke da tsintsiya, ta zuba sabon ruwa. Bokiti ɗaya ne, ko a lokacin da ruwa ke wuya ba ya gagara. Ba ta zuba ruwan wanki ko na wanke-wanke, sabulu na cutar da shi. Na biyu, sauro. Daga ƙwai zuwa sauro mai cizo kwana 7 zuwa 10 ne a lokacin zafi, don haka ruwan da ake sauyawa kullum ba ya haifar da komai, wanda aka bari ya kwana mako kuwa ka gina wa zazzaɓi gida da hannunka. Na uku, kuma shi ya fi girma: yaro mai rarrafe. Ruwan da bai kai tafin hannu ba ya isa ya halaka jariri in ya faɗa da fuska. Shi ya sa aka kewaye ɓangaren Dattijo da guntun bango mai ƙofar langa-langa, kuma ranar da gida ya cika da baƙi masu goyo, Inna zubar da ruwan take yi sai sun tafi. Na huɗu, duk yaron da ya taɓa kunkuru ko ruwansa ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, domin irin waɗannan dabbobi na ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke sa gudawa da zazzaɓi ko da su lafiyarsu ƙalau.

Ta ƙara da cewa da hunturu ba ta zuba ruwa da sassafe, sai hantsi ya ɗaga ya gama shan rana, saboda jikin kunkuru ba ya ɗumama kansa, da zafin rana yake aiki. Ta kuma daina ba shi ragowar tuwo da miya. Cimarsa ciyawa ce da harawa, sai ɗan ganyen dankali, da ɓawon kankana ko kabewa jefi-jefi.

Mutane na aje kunkuru saboda dalilai iri-iri. Wani don sha'awa, wani don yara, wani kuma ya ji an ce yana kare gida daga sammu. Da na taɓo wa Kawu wannan sai ya kaɗa kai ya ce tsari na Allah ne, dabbar da ba ta iya fid da kanta daga daro ba wa za ta tsare? Shi abin da ya dame shi hakki ne. Ya tuna mini hadisan nan biyu da kowane ɗan makarantar allo ya ji: matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. Ya ce tun ranar da aka ciro macen daga kududdufi waɗannan hadisai ba su bar shi ya yi barci mai daɗi ba, sai da ya ga Dattijo kwance cikin ruwa.

Akwai kuma abin da ya kamata ka sani kafin ka sayi ɗan kunkuru a kasuwa don yara su yi wasa. Irin wannan yana iya haura shekara 70. Ka tuna Alagba, kunkurun fadar Sarkin Ogbomosho da ya mutu a 2019, wanda fada ta ce ya shekara 344. Masana sun yi shakkar wannan lissafi, amma ko kashi ɗaya cikin huɗu ka ɗauka, ya isa ya nuna maka cewa mai sayen kunkuru yana ɗaukar wa 'ya'yansa da jikokinsa nauyi ne. Ga shi kuma a daji suna ta ƙarewa. Noma da kiwo sun cinye wuraren zamansu, ana kuma kama su ana sayarwa, har ta kai an sa su cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ɓacewa, an kuma hana fitar da waɗanda aka kamo daga daji zuwa ƙasashen waje don ciniki. A Sanigal har wani wuri aka keɓe a Noflaye, kusa da Dakar, inda ake karɓar waɗanda aka gaji da su a gidaje ana kula da su. Wanda ke hannunka ka riƙe shi da kyau. Na daji a bar shi a dajinsa.

La'asar ta kusa, direba ya aiko yaro ya ce a fito. Kawu ya rako ni har bakin zaure, sai ya riƙe hannuna ya rage murya. Ya ce na ga yadda zaman yake. Maƙwabta da yawa sun kwashe iyali sun koma Gusau, wasu gidan dangi, wasu kangon da suka samu. Shi bai da niyyar tashi, nan aka binne cibiyarsa, nan gonarsa take. Amma in ta kama dole, awaki ana kora su, kaji ana sa su a kwando. Dattijo fa?

"Ba ni barin shi ya mutu da ƙishi cikin kango. Amanar kakanku ta. In ka koma, ka samu wuri gidanka ka gina mai irin wanga. In Allah ya kawo lahiya, shi ke nan, ka yi asarar siminti. In ko an taso mu, ya iske wurinshi."

Na ce, "In sha Allahu, Kawu."

Na dawo Gusau lafiya kafin magariba. A makon na sa aka fasa simintin wani lungu a tsakar gidana, aka bar ƙasa yadda zai iya haƙa rami, aka yi masa rumfa. Rabin buhun siminti ya ishe mu. Ni na ja tsintsiyar da hannuna, yara suka yi ta rigimar wanda zai yi yayyafi.

Yau wurin na nan. Kowace safiya 'yata ƙarama ke zuba ruwa, tattabarun maƙwabta da kurciyoyi su sauko su sha, da yamma mu zare toshiya ruwan ya tafi gindin zogale. Kullum sai ta tambaye ni yaushe Dattijo zai zo, ni kuwa addu'ata ita ce kada ya zo, ya ci gaba da wankansa a Wanke ƙarƙashin dogon yaro, da Kawu da Inna da sauran mutanen gari cikin kwanciyar hankali. Ka taya mu da wannan addu'a.

In kuma akwai kunkuru a gidanku, ka leƙa yau ka ga inda yake sha. Ka dubi idonsa, ka sa hannu ka auna zurfin ruwan, sannan ka ba mu labarin yadda kuke yi a garinku.